Tagar fomula ta ɓace a Excel: ina take zuwa, kuma shin ɓoye ta na ɓoye lissafi?

Wata Laraba wajen ƙarfe sha ɗaya, rana ta fara dukan kwanon shago nan Birnin Kebbi, sai ga wani dattijo ya shigo mini da laftof cikin jakar buhu, sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa ne daga wajen Argungu. Bayan mun gaisa ya ajiye ta bisa tebur ya ce, "Ɗana, wanga abu ya lalace. Layin nan na bisa da ni ka ganin lissafi ya ɓace, ina jin yara sunka taɓa shi. In fomatin za a yi, a yi, amma kar sunayen mutane su tahi." Na ce Kawu zauna ka sha ruwa tukun. Na buɗe fayil ɗin, na danna Alt na saki, na danna W, V, F ɗaya bayan ɗaya, abin ya dawo. Ya leƙo ya ce ke nan? Na ce ke nan Kawu. Motar haya ya biyo tun daga can saboda maɓalli huɗu.

To wannan abu da ya ɓace mishi shi Excel ke kira Formula Bar, ni dai tagar fomula nake ce mata in ina koyar da yara, don aikin taga take yi, ta nan kake leƙa cikin ɗaki. Ita ce farar doguwar nan da ke kwance tsakanin maɓallan sama da haruffan A, B, C na kan shafi, mai ɗan rubutun fx a gefe. Daga hagunta akwai ƙaramin akwati mai nuna adireshin gurbin da kake kai, wato ɗan ɗakin shafi da ake rubutu ciki, kamar D12, shi ma in taga ta ɓace tare suke tafiya, shi ya sa mutum yake jin kamar an ɗauke mai ido gaba ɗaya. Ba sabon abu ba ce, tun VisiCalc na 1979 wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka yi akwai layi a sama mai nuna abin da aka rubuta cikin gurbi, Excel da ya fito 1985 gadon abin ya yi.

Hanyar dawo da ita ba ta da wani wuya. Ka hau View a sama, za ka ga wasu ƴan akwatunan tik jere, Gridlines, Headings, Formula Bar, ka sa tik kan na ƙarshen nan. In ka fi son doguwar hanya akwai File, Options, Advanced, ka gangara ƙasa sosai har wajen Display ka ga Show formula bar, duk abu ɗaya suke kunnawa. Wanda har yanzu yake kan Excel 2003, kuma wallahi akwai su a ofisoshinmu, View ɗin ne dai sai Formula Bar. LibreOffice ma haka. Google Sheets kuwa View, Show, sannan Formula bar. Abu ɗaya da ke ruɗa mutane, in kana tsakiyar rubutu cikin gurbi, wato ɗan sandan nan na ƙyaftawa, maɓallan sama duk dushewa suke yi ba su dannuwa, sai ka ga mutum yana ta dukan maus yana cewa kwamfuta ta maƙale alhali Esc kawai zai danna ya fito tukun.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, wannan tik ɗin na wa ne, na fayil ko na kwamfuta? A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Layukan nan masu raba gurabe da haruffan A, B, C in ka kashe su ka adana, cikin fayil ɗin suke zama, ka kai shi Jega ko Yauri a filash haka za a buɗe a gan shi. Tagar fomula ba haka take ba duk da suna zaune wuri ɗaya kamar ƴan uwa. Ita ta Excel ɗin da ke kan kwamfutarka ce. Ka kashe ta kana cikin fayil guda, duk sauran fayilolin da ke buɗe sun rasa ta, ka rufe ka kashe kwamfuta ka dawo gobe har yanzu ba ta nan don Excel ya riƙe zaɓinka. Sannan ka tura wa wani fayil ɗin nan ta WhatsApp ya buɗe a tashi kwamfutar, tagarshi na nan daram tana nuna mai komi.

Na san wani malami mai haɗa sakamakon jarrabawa a wata makaranta, ya yi wahala ƙwarai ya tsara shafin da ke haɗa makin gwaji da na jarrabawa ya fitar da matsakaici da matsayin kowane ɗalibi, ba ya son sauran malamai su ga yadda ya yi, ko dai kishin sana'a ko tsoron a ɓata mai, Allah masani. Sai ya cire tik ɗin ya adana ya rarraba musu yana murna ya rufe asiri. Kowa ya buɗe ya ga fomula ɓaro-ɓaro. Kai ko a kan kwamfutar tashi ma bai ɓoye komi ba, don duk wanda ya danna gurbin sau biyu ko ya danna F2, fomular za ta fito cikin gurbin kanshi. Labule ya saki kawai, ƙyauren na buɗe.

Ɓoye fomula na gaske hanyarshi daban, kuma mataki biyu ne, wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya bai yi komi ba. Ka zaɓi guraben da fomula take, ka danna Ctrl da 1, ka je Protection, ka sa tik a Hidden. A nan ba abin da zai canza, za ka ga kamar bai yi ba. Sai ka je Review ka danna Protect Sheet, ka sa kalmar sirri in kana so, to a lokacin ne abin zai kama, taga tana nan a wurinta amma in an danna gurbin sai a gan ta fayau ba komi ciki. Tarkon da ke nan shi ne, kowane gurbi a Excel da tik ɗin Locked yake zuwa tun asali, barci kawai yake sai ranar da ka kulle shafi ya farka. Saboda haka in ba ka fara cire Locked daga guraben da malamai za su shigar da maki ba, ka kulle shafin ka kulle kowa waje, sai waya ta fara ruri, Malam abin nan ya ƙi karɓar rubutu. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Kuma ko wannan ɗin kar a ɗauke shi kwaɗon banki. Su kansu Microsoft sun faɗa cewa kulle shafi ba tsaro ba ne, don hana kuskure aka yi shi. Fayil mai xlsx a ƙarshe ƙunshi ne irin na zip, wanda ya san hanya zai kwance shi ya karanta fomula a ciki. In da gaske ba ka son a ga lissafinka, misali kana tura wa mai saye farashi kuma fomular na ɗauke da ribar da ka ɗora bisa kowane buhu, to kar ma ka tura fomular. Ka yi kwafin fayil ɗin, ka kwafi shafin ka liƙa shi da Paste Special, Values, lambobi zalla su rage, ko ka mayar da shi PDF ka huta. Ka dai tabbata a kan kwafin ka yi, na ga wanda ya yi wa asalin fayil ɗinshi haka ya adana, aikin sati biyu ya tafi. Masu Google Sheets kuma su sani kariyar da ke can gyara take hanawa, ba ta hana gani.

Akwai wani ciwon na uku da ake kawo mini da sunan taga alhali ba ruwanta. Mutum ya wayi gari ya ga gurabe sun yi faɗi, lambobin sun ɓace, ko'ina =SUM da =IF, ranar wata ta koma wata lamba, 1 ga Janairu 2024 ta zama 45292. Hankali ya tashi an ce bairos ne. Ba bairos ba ne, hannu ne ya kuskure ya haɗa Ctrl da ɗan maɓallin nan da ke ƙarƙashin Esc, hagun lamba 1, wanda kusan ba mai amfani da shi. Sake danna su tare komi ya koma daidai, ko ka je Formulas ka kashe Show Formulas. Shi wannan yana bin fayil, kuma in ka tura firinta a haka fomulolin za ta bugo maka a takarda. Ni kam da gangan nake kunna shi wani lokaci, in an kawo mini fayil ɗin da ban yarda da shi ba, don kallo ɗaya zan gane inda aka yi lissafi da inda aka buga lamba da hannu. In kuma gurbi guda ne tak ke nuna fomularshi sauran lafiya lau, to galibi an mayar da shi Text ne kafin a rubuta, ka mayar da shi General, F2, Enter.

Yanzu me ya sa nake ganin kashe tagar nan asara ce ga yawancinmu? Saboda gurbi ado yake nunawa, taga ke nuna abin da ke ciki. Ɗauki dai batun makin nan. Gurbi ya nuna 50, amma sakamako ya ba yaro D maimakon C, uba ya zo da faɗa, malami ya rasa ta cewa. Ka danna gurbin ka kalli sama, 49.6 ce aka shigar, an dai saita gurbin ne kar ya nuna abin da ke bayan ɗigo, shi kuwa Excel da 49.6 yake lissafi ba da abin da idonka ya gani ba. In gurbin na fomula ne taga fomular za ta nuna maka ba lambar ba, to nan akwai wata dabara da nake so ƙwarai, ka shafa wani yanki na fomular cikin taga da maus ka danna F9, sai ya rikiɗe ya zama amsar wannan yankin kaɗai, ka gani da idonka inda lissafi ya karkace. Amma da Esc ake fita, in ka manta ka danna Enter lambar ta zauna daram a madadin yankin fomular da ka shafa, ka ɓata abin da ka zo gyara.

Haka batun dogayen lambobi, wanda duk mai shago irin nawa ya sha fama da shi lokacin da ake tattara sunayen masu neman tallafi ko taki. Lambar waya tamu 11 ce kuma da sifili take farawa, ka rubuta ta haka kawai Excel ya haɗiye sifilin. Lambar asusun banki 10 ce, ita ma wasu da sifili suke farawa, a kai jerin banki a dawo da shi. Maganin shi ne ka fara da ɗan waƙafin sama, wanda ake sa wa a sana'a ko jama'a, kafin lambar, kuma wannan alamar ba ta bayyana cikin gurbi sam, a taga kawai ake ganinta, to in taga ba ta nan ta ina za ka san wanne aka sa wa wanne ba a sa wa ba? Lamba kuma in ta kai 12 sai gurbi ya mayar da ita wani abu mai E+11, mutane su tsorata, alhali cikakkiyar tana nan a taga. Wanda ya fi muni shi ne in ta wuce 15, don Excel lambobi 15 kawai yake riƙewa, ka rubuta lambar katin ATM mai 16 ta ƙarshen ta koma sifili, kuma ta tafi ke nan ba dawowa sai an sake rubutawa.

Ban ce babu inda kashe ta ke da amfani ba. In kana haska shafi a bango wajen taro, ko za ka ɗauki hoton fuskar kwamfuta ka tura guruf, cire ta na sa abu ya yi tsaf. Masu cewa don wuri suke cirewa, saboda ƙananan laftof ɗin nan na gwanjo, su ne ban cika yarda da hujjarsu ba, layi ɗaya ko ɗaya da rabi kawai za ka samu. Ctrl da F1 ya fi, yana naɗe maɓallan sama gaba ɗaya ka samu fili na gaske kuma taga tana nan. Tsofaffin hannu dai suna da uzuri, a Excel 2003 da waɗanda suka gabace shi in gurbi na ɗauke da dogon rubutu tagar zubowa take yi ƙasa ta rufe haruffan sama da layukan farko, abin haushi, mutane da yawa a nan suka koyi kashe ta. Daga 2007 aka gyara, yanzu tana tsayawa inda ka ajiye ta. Kana iya kama gindinta da maus ka ja ƙasa ta yi faɗi, ko ka danna ɗan kibiyar da ke can ƙarshen dama, ko Ctrl, Shift da U tare, ta buɗe, ka sake dannawa ta koma. Fomula guda na iya kaiwa harafi 8,192, gurbi kuma na ɗaukar rubutu har 32,767, ka ga ai layi ɗaya ba zai ishe ka ba. In IF ɗinka sun hau kan juna har biyar shida irin na masu fitar da A, B, C, buɗe tagar ka riƙa sa Alt da Enter tsakaninsu, kowane sharaɗi ya samu layinshi, lissafi ba ya canzawa amma ido na hutawa.

Saura waɗanda ba su taɓa komi ba da gaske, kuma ba yara ba ne. Akwai fayilolin da ake saye ko ake saukewa daga intanet, na lissafin shago ko albashi, masu xlsm a ƙarshe, in ka buɗe wani layi mai ruwan ɗorawa ya fito ka danna Enable Content. Ciki akwai makro, wato ɗan umarni da ke aiki da kanshi, masu yin su na son abin ya yi kama da wata manhaja ta daban sai su sa layi guda, Application.DisplayFormulaBar = False. Ka lura da kalmar farkon nan, Application, Excel ɗin gaba ɗaya ake nufi, shi ne abin da na faɗa ɗazu cewa ba ta fayil ba ce. Mai hankali yana sa wani umarnin da zai mayar da ita lokacin rufewa, wanda ya manta kuwa sai ya bar ka da Excel marar taga, kuma ka gyara yau gobe ka buɗe fayil ɗin nan ta sake ɓacewa ka ce aljanu ne. Wasu har maɓallan sama suke ɗaukewa, ka rasa View ɗin da za ka danna. In haka ta same ka danna Alt da F11, sai Ctrl da G, wani ɗan fili zai buɗe a ƙasa, rubuta wancan layin amma da True a madadin False ka danna Enter. Ni ra'ayina duk mai haɗa irin wannan fayil ya bar wa mutane tagarsu, ka kulle shafinka in kana so, amma saitin kwamfutar wani ba naka ba ne.

Shi dai Kawu nashi ba makro ba ne, tik ne aka cire, ya kai wata uku a haka yana aiki cikin duhu. Har ya fara naɗe waya zai tashi sai ya ce, tunda na zo bari in tambaya, akwai wani abu da ke damunmu. Mutum 47 ne a ƙungiyar, kowa ya zuba 5,000 na kuɗin man injin ban ruwa, kuɗin da ke hannun ma'aji 235,000, kwamfuta kuma ta nace 200,000, an yi zama biyu kan wannan magana, wasu har sun fara cewa ko akwai sunayen da aka karɓi kuɗinsu ba a rubuta ba. Jimillar tana can gefe a sama. Na danna ta na juyo mai da laftof ɗin na nuna mai taga da yatsa, =SUM(D2:D41). Sunaye kuwa sun gangara har layi na 48. Lokacin da aka tsara shafin mutum 40 ne, bakwai da suka shigo daga baya aka jera su ƙasa, fomula ba ta san da su ba. Na goge 41 na sa 48, Enter, 235,000 ta fito.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce in mayar da ita 41 tukun, in kunna abin nan mai nuna fomula in bugo mai takarda ɗaya, in gyara in sake bugo wata, duka biyun zai kai taron ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Kuɗin firintin kawai na karɓa.